Ƙasidun da Za Su Cinye Mini Kabari

Zalman Pinsker,
Mai kula da Majami'ar Anshe Brodnik,
Winnipeg, Kanada.
12 ga Mayu, 1975.

Mai Girma Mista Leibel Horodets,
Shugaban Kwamitin Jana'iza da Maƙabarta.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SHAWARAR BINNE TAKARDUN 'YAN MISHAN A KABARINA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Tun ranar 3 ga Satumba, 1974, wani ɗan mishan mai suna Mista Dwight Ames, mutumin kirki mai yawan fara'a, yake zura ƙasidu ta ƙarƙashin ƙofar majami'armu ta Yahudawa. A ciki suna cewa Yesu ya tashi daga matattu a rana ta uku. Imaninsu ne, ba namu ba, kuma ban yi musu da kowa ba. Matsalar ita ce, don su jawo hankalin Yahudawa, sun buga ayoyin Annabi Ishaya da Ibraniyanci, har da Sunan Ubangiji cikakke.

2. Na kai wa Rabbi, wato limaminmu, ƙasida ɗaya. Ya jujjuya ta, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Zalman, ko wa ya buga, Sunan nan dai ba ya shiga shara." Dole na riƙa zuba su a akwatin da muke tara tsofaffin littattafan addu'a kafin a binne su a maƙabarta.

3. Ranar 20 ga Oktoba na tare Mista Ames don in roƙe shi ya daina. Na yi masa bayani cewa ko ɗaya ba ma yarwa, naɗe su muke yi a farin ƙyalle, mu binne tare da littattafai masu tsarki. Sai idonsa ya ciko da hawaye. Ya rungume ni ya ce, "Ɗan'uwa, shekara goma sha tara ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa adana su sai kai!" Da a jaka yake kawowa. Washegari ya zo da mota.

4. Zuwa yau sau huɗu ina binne su. Duk Lahadin da na rufe ƙasa, ranar Talata sai in tarar da su a bakin ƙofa, sababbi fil. Ranka ya daɗe, ban bar addinin kakannina ba ko da taku ɗaya, amma na daina yi wa maganar kwana uku dariya.

5. A zamansa na 4 ga Mayu, kwamitinku mai daraja ya lura cewa wurin binne littattafai ya cika, ga kwali goma sha ɗaya suna jira. Aka yanke shawarar a yi amfani da fili na tara a layi na bakwai, wai saboda "mai shi bai buƙace shi ba tukuna". Mai shi ni ne. Da na yi magana, sakatarenku Mista Fishbein ya ce, "Haba Zalman, kai da kake hawa bene a guje? Kafin ka mutu takarda ta ruɓe." Shekarata saba'in da takwas, kuma takardar mai sheƙi ce, ba ta ruɓewa. Na tona na duba.

6. A fili na takwas marigayiya matata Gittel take kwance. Wannan ne ya hana ni cin abinci mako guda, ba na ɓoyewa.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya soke wannan shawara, ya kuma tura wani dabam wurin Mista Ames, domin ni duk lokacin da na buɗe baki sai ya ƙara kwali.

Ranka ya daɗe, mu ma mun yi imani matattu za su tashi, a ranar da Ubangiji ya so. Shekara arba'in da ɗaya Gittel tana korar 'yan mishan daga bakin ƙofarmu da tsintsiya. Da za ta rasu ta ce in bi ta a hankali, za ta ajiye mini wuri. Idan ranar ta zo, ta buɗe ido, ta juya ɓangarena ta ga kwali goma sha ɗaya, ba kwamiti za ta nema ba. Ni za ta nema, kuma ba ni kusa balle in yi bayani.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Zalman Pinsker