Farin Furen Kwatarkwashi

Litinin, 2 ga Agusta 1954, Gusau

Baturen gandun daji ya ɗauki taubashina Yahuza aikin tsintar ciyayi. Yahuza! Wai don ya yi Midil a Sakkwato. Ni da na koya wa kaina boko da yagaggun jaridu, ko kallona bai yi ba.

Juma'a, 6 ga Agusta

Yahuza ya zo gidan Inna Saude, inda nake zaune, yana hura hanci. Wai akwai wani ɗan fure shuɗi mai fitowa a tsagin dutse, danginsa kaf iri uku aka sani, ɗaya yana Tsafe. Wanda ya tsinko a dutsen Kwatarkwashi ya ɗan bambanta. In ya tabbata na huɗu ne, za a raɗa masa suna da Latin, a liƙa sunan Yahuza a wutsiya.

"Har Ingila za a san ni, taubashi."

Na ce awakin dutsen sun riga shi ganinsa, a sa nasu.

Laraba, 11 ga Agusta

Sunansa a littafi, har bayan ya mutu. Na ture kwanon tuwo.

Asabar, 14 ga Agusta, Bungudu

Na hau Kwatarkwashi ni kaɗai. Can bayan wani kogo na iske irin furen nan, amma fari! Na tono ɗaya, na gyara yadda Baba ke gyara magani: na zubar da ganye da fure, na wanke saiwar tas, na ɗaure.

Litinin, 16 ga Agusta

Bature ya jujjuya saiwar. "Ina furen?" Na ce ai amfani a saiwa yake. Ya ce su da fure suke gane dangi, wannan ba ta gaya masa komai. Yahuza har da riƙe ciki: "Jiƙo za ka yi mashi?"

Jaki. Ni nake nufi.

Alhamis, 19 ga Agusta

Na roƙi Allah furen Yahuza ya zama irin na Tsafe. Na roƙa ɗin.

Laraba, 1 ga Satumba, Tsafe

Haka kuwa. Bature ya jera su biyu ƙarƙashin gilashi, ya ce abu ɗaya ne, wani ma ya daɗe da raɗa masa suna. Yahuza ya ce "To, ranka ya daɗe," ya hau tattara takardu. Na tanadi baƙar magana tun daga Gusau. Ta ƙi fita.

Asabar, 4 ga Satumba

Farin zai zube da ɗaukewar ruwa. Na kai Yahuza bayan kogon, don dai shi ya iya danne fure tsakanin takardu, ba wani abu ba.

Ya ce, "In sabo ne, sunan wa za a sa?"

Na ce ya danne a hankali, kar ya karya mana shi.