Bakin Da Kika Bar Min Gado

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma tunda zancena ya zaga Haɗeja har ya kai bakin masu banda a kasuwar kifi, gara in faɗa miki da kaina, masu kasa kunne su ma su ji.

Iya, wai na yi wa Baffa Jauro fitsara, yayan mahaifina guda. Ga yadda aka yi.

Kin tafi kin bar ni ina jiran gurbin jami'a. Ya fito, aka ba ni ilimin nazarin ɗan Adam, na shiga, karatun ya kama zuciyata. Sai wani mai kai gulma ya bi Baffa har wajen shanunsa a Malam Madori, ya ce ana koya mana biri ne kakanmu, kuma da ƙoƙon kan matattu muke wuni. Baffa ya aiko da magana ɗaya: ko in koma karatun jinya, ko in tattaro kayana in dawo gida. Kin san mijinki. Kunyar Fulani ba ta barin Baba ya musa wa yayansa, balle a kan 'yar fari da ko sunanta ba ya kamawa.

Ƙoƙon kan ma na roba ne, Iya! Reshe ɗaya ne na karatun, wanda ke duba jiki da ƙashi, kuma a nan maganar birin take. Na ji abin da masu bincike suka ce, na rubuta a jarrabawa, na fito na yi azahar. Annabi Adamu yana nan ubana, babu wanda ya ƙwace min shi.

Akwai masu tonon kufai. Duk sanda aka nuna mana tsingaro sai in tuna gonar kakana a fadamar Kirikasamma, bayan ruwa ya janye, kina tsintar fasasshiyar tukunya kina cewa wata ta yi tuwo a nan kafin mu, a yi mata addu'a. Akwai masu nazarin harshe, su ne suka sa na fara kewar “wushe” ɗinki na Barebari da kike gaida baƙi da shi. Sai reshen al'adu, wanda ya jawo duk wannan.

Wata rana malaminmu ya zo kan wasan ƙabilu. Ya ce a wurare da dama akwai mutanen da al'ada ta ba su izinin tsokanar juna, su faɗi abin da wani bai isa ya faɗa ba, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Kowa na rubutu, ni hawaye nake sharewa, don ke na gani.

Babarbariya ɗaya tal a gidan Fulani, kuma ke kaɗai ke iya faɗa wa Baffa gaskiya. Shekarar da shanunsa suka shiga shinkafar mutane ya ƙi zuwa ba da haƙuri, duk mazan gidan sun yi gum. Ke kika tsaya a ƙofar zaure kika ce, “Bawana, shanun ma sun san sun yi laifi, kai ne ba ka sani ba?” Ya ce miki mai fuska kamar an yi huɗar gyaɗa, saboda zanenki. Amma ya ɗauki sandarsa ya tafi ba da haƙurin.

A ƙa'ida ba ni da wannan izinin. Ɗa uba yake bi, ni Bafulatana ce, tsakanina da Baffa sai durƙuso da “to”. Na sani sarai. Amma nonon wa na sha?

Ranar da aka tara gida a kaina, na buɗe akwatinki na ɗauko lafayarki ruwan toka, har yanzu tana ƙamshin humra. Na naɗa, na shiga zaure, na durƙusa. Na ce masa wushe. Sannan na ce, “Baffa, yau ba 'yarka ce ta zo ba, Babarbariya ce. Tun yaushe bawa ya fara zaɓa wa uwargijiyarsa karatu?”

Goggo ta saki salati. Baba ya kafa wa tabarma ido. Na riga na ƙudurta, ko an kore ni daga gidan, makaranta zan nufa.

Baffa ya daɗe yana kallon lafayar. Can ya ce, “Babarbariya ba zane? A kira min wanzami.” Sai kuma ya ce, “Tashi ki koma makarantarki. Da ma bayi ake aikawa nesa.”

Don haka masu cewa na yi fitsara, su je su tambayi wanda aka yi wa. Ba zan ba da haƙuri a kan gadon uwata ba, kuma karatun nan sai na ga ƙarshensa, in Allah ya so. Masu tambayar wane aiki zan samu da shi, su bari in gama tukuna.

Saura abu ɗaya, Iya, wanda 'yan gulma ba su ji ba. Ina sa takalmi a bakin zaure Baffa ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, “Tun da uwarki ta tafi babu wanda ya ƙara zagina a gidan nan. In kin zo hutu, ki riƙa leƙo ni.” Ya juya min baya yana goge ido da hannun riga. Ashe ba ni kaɗai ke kewarki ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki, ya haɗa mu a Aljanna. Ya ja kwanan bawanki, in daɗe ina riƙe miki shi.

Taki har abada,
Hajjo, 'yar Fulani mai bakin Barebari.