Umma, Wuyan Ya Yi Faɗi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ko da yake na san ba mai kai miki wannan takarda. Ni ce Bilkisu. Na gama karatun likita, yau watana huɗu ina aikin shekarar gwaji a asibitin koyarwa. Na so a ce labarin ke nan. Amma akwai wani, na Yaya Rabi.

Kin tafi a watan da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Rediyon maƙwabta yana ta kiɗa, mu muna zaman makoki a gidanmu na Gyadi-Gyadi. Kwana shida kafin nan kina tsakar gida kina cusa audugar rimi a matashin kai, sai kika dafe ƙeya kika ce, "Wash, kamar an buga min taɓarya." Muka ba ki maganin zazzaɓi. Kika tamke kai da ɗankwali, kika koma aikinki. Rana ta shida kika faɗi a bakin murhu.

Sai da na kai aji biyar a karatun likita na gane abin da mai yiwuwa ya same ki. Na ce mai yiwuwa, domin ba a ɗauki hoton kanki ba. Jijiyar jini a ƙwaƙwalwa takan yi rauni a wuri ɗaya, wurin ya kumburo kamar 'yar jaka. Wani lokaci takan ɗan tsiyaya, mutum ya ji ciwon kan da bai taɓa ji ba. Bayan kwanaki ta fashe. Kuma abin yakan bi dangi.

Wata biyu da suka wuce fatar idon Yaya ta hagu ta sauka, ta fara ganin abu ɗaya ya zama biyu. Har wasa take yi, wai yanzu ɗalibanta sun ninka. Aka tura ta Legas aka ɗauki hoton jijiyoyin kanta. Jakar tana nan, a bayan idon, ta danne jijiyar da ke ɗaga fatar ido. Wannan danniyar alama ce ta cewa tana girma.

Hanya biyu ce. Ta farko, a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan jakar da ɗan ƙarfe. Akwai likita a Legas da ya ce zai yi. Ta biyu, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin kai, a cika jakar da waya mai laushi da ake kira koyil, jini ya daskare a ciki. Duk inda na tambaya a ƙasar nan, ban sami mai yin ta biyu ba.

Ga kuskurena, Umma. Ranar da na karanta labarin wayar a wani shagon intanet a Tarauni, ko gida ban koma ba. Na wuce wurin ƙaninki Kawu Sani, na tarar da shi tare da Malam Isa, mijin Yaya. Ina rawar jiki na ce musu akwai hanyar da ba a fasa kai. Ni da nake duba takardar magani sau uku kafin in sa hannu, ranar ban ko auna hoton ba.

Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi. To, ba wanda zai taɓa kan yarinyar nan da wuƙa." Suka yanke a jira har a sami hanyar fita waje. Suka kuma yanke, kamar yadda aka saba, kada a gaya wa mai ciwo. Yaya ta ci gaba da zaton ciwon ido ne. Tana ɗaukar bokiti, tana daka.

Washegari na ɗaga hoton a taga, na auna. Faɗin wuyan jakar milimita biyar. Daga huɗu ake ce masa mai faɗi. Na sake aunawa, na kai wa malamina ya auna. Biyar.

Bari in yi miki bayani da aikinki, don ke za ki fi kowa ganewa. Wayar ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai naɗi ɗaya, zagaye bisa zagaye. Idan bakin jakar ƙarami ne takan zauna lafiya. Idan bakin ya yi faɗi tana iya zamowa cikin babbar jijiya ta toshe ta, rabin jiki ya shanye. Shi ya sa aka ƙera wata da ke lanƙwasa kanta ta zama kamar kwando, ta bi bangon jakar, ta riƙe waɗanda za a zura bayanta. A ƙarshe a cike da masu laushi sosai, domin mai tauri tana iya huda bangon. A wuya irin na Yaya, kwandon ma ba lallai ya isa ba. Sai an sa raga a babbar jijiyar ta tare bakin, sannan ta daɗe tana shan maganin da ke hana jini saurin daskarewa.

Kina yawan ce mana, "In ba ki cusa har kusurwa ba, wata uku matashin zai kwanta, a zo a zage ni." Haka wayar take. Bugun jini yakan danne ta, wuri ya sake buɗewa a wuyan, musamman mai faɗi. Dole a riƙa komawa ana ɗaukar hoto. Wa zai yi mana wannan a nan?

Na koma wurin Kawu da zane a takarda. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Jiya waya, yau wuƙa. Wanne Bilkisun zan bi?" Ban ga laifinsa ba. Sau huɗu na koma. Mako uku suka tafi haka, kowace safiya ina duba idon Yaya ina yi kamar wasa nake.

Jiya bayan la'asar na taka maganar manya. Na same ta a gidanta na Daurawa tana gyaran takardun ɗalibai da ido ɗaya. Ta ce, "Likita bokan Turai, yau kuma me na yi?" Na gaya mata komai. Da wayar, da wuƙar, da kuskurena. Na ce mata a aikin buɗe kai ana iya farkawa lafiya, ana iya farkawa da nakasa, ana iya ƙin farkawa. Na ce jira ma yana iya kashe ta, kuma ban san yaushe ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ke da kike son lissafi, cikin ɗari nawa ne nawa?" Na ce ba ni da adadin da zan rantse a kansa. Ta ce, "To, ki kai ni wurin mai fasa kan. Isa ni zan yi masa magana."

Kawu ya aiko cewa duk abin da ya faru a wuyana yake. Gaskiya ya faɗa. Ranar Alhamis za mu tashi zuwa Legas. Yau da safe ta kai 'ya'yanta uku gidan surukarta, ta nuna wa babbar 'yar inda takardun haihuwarsu suke.

Umma, ina tsoro. Na karanta duk abin da hannuna ya kai, ban sami layi ɗaya da ya ce za ta dawo ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya Allah, ka daidaita hannun wanda zai yi aikin. Ka riƙe jijiyar nan har Alhamis. In na yi kuskure karo na biyu, kada ka sa Yaya ce za ta ɗauka. Amin.

Taki har kullum,
Bilkisu