Jiran Hita a Sanyin Ajlun

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ya garin Akaba?

Tun ranar da maigidana Mu'tasim ya sayar da hitarmu ta ɗumama ɗaki mai amfani da kananzir, wai ya nemi tallafin sayen sabuwa mai aiki da hasken rana, ɗakina bai sake yin ɗumi ba. Lafiya muke, kada ki damu. Sai dai duk wanda ya kafa sabuwa kafin a amince ya rasa tallafin, ofishin ba da tallafin kuwa shiru, ga ƙanƙara ta sauka a nan garin Ajlun.

Jiya na ce masa jikarki Tala tana tari. Ya ce, "Matan littattafan da kike karantawa ba sa haƙuri ne?" Na ce, "Mazansu ba sa barin jaririya a sanyi."

Ki sa mana albarka. Ranar Alhamis zan taho gida da Tala.

'Yarki,
Rawan