Rabin Albashi, Cikakken Aiki: Abin da Ya Same Ni Bayan Jinya

Zuwa ga Alhaji, mai lakwal, wato makarantar kuɗi, da na koyar a cikinta a Buza.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya da iyali. Na zo ofis ɗinku sau da yawa, ana ce mini kuna Madawa, shi ya sa na rubuta a fili.

Ni ne Mushe Sa'idu, kamar yadda ake kiran malami a lakwal, wanda ya riƙe ajin jarrabawa tun lakwal tana rumfar kara. Da tarin fuka ya kwantar da ni, ku da kanku kunka ba da motar da ta kai ni asibitin mishan. Ban manta ba, kuma wannan ne ke sa maganar ta yi mini nauyi.

Na farko. Da anka sallame ni, likita ya ce in koma aiki sannu a hankali, da safe kawai, in nisanci ƙurar alli. Darakta ya yarda, ya ce rabin yini, rabin albashi. Na amsa, don gida babu hatsi.

Na biyu. Rabin yinin a baki ya tsaya. Ba a rage mini ɗalibi ko ɗaya ba. Gyaran takardunsu da shirya darasin gobe, duka a gida nake yin su bayan azahar, ina tari. Abin da anka rage shi ne tsayuwata a aji, da kuɗina.

Na uku. A shekarar nan ɗin, wani abokin aikinmu ya faɗi da moto, wato babur, ya karye. Shi ma da safe kawai yake zuwa, amma ba a taɓa albashinsa ba. Ba na baƙin ciki da shi, haƙƙinsa ne. Da na tambayi darakta bambancin, cewa ya yi karaya kowa na ganinta.

Rabin albashi bai ɗauki abinci da magani ba. Matata Rabi ta sayar da awakinta a kasuwar Karofane. Sai na ce na warke, na koma cikakken yini kafin lokaci. Kafin damina ciwon ya dawo, ya ci mini ɓarin huhu. Yanzu ba na iya ɗaga muryar da za ta kai bencin baya. Na bar koyarwa, ina zaune gida. Da na san haka zai ƙare, da na ci bashi na bi maganar likita.

Ba kuɗin baya nake nema ba, Alhaji. Akwai wata malama a lakwal ɗinku, ba zan faɗi sunanta ba, da ke fama da ciwo tana ɓoyewa. Ta zo gaishe ni, ta ce abin da ta ga ya same ni ne ya hana ta neman hutu.

Don haka ina roƙo: a rubuta ƙa'ida guda ga duk wanda ya taso daga jinya. In za a rage albashi, a rage aikin da gaske. A bi wa'adin likita. Kuma ku tara malamai ku faɗa musu da bakinku cewa ciwo ba laifi ba ne, tun malamar nan tana iya tsayuwa gaban aji.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya albarkaci lakwal da yaranta.

Wassalam.

Mushe Sa'idu, Karofane