Ɗorawar Inna da Masu Neman Icce

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya maigidan, ya su Ummi, ya ruwan Fatakwal? Ƙafar taki ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau, dawa ta fara nuna.

Wasu baƙi sun biyo ta Faskari da maganar kafa injin da zai riƙa cin icce yana ba gari lantarki, kuma dajin bayan gonakinmu suke so a riƙa sara. An taru a ƙofar mai gari. Mu matasa muna so, don har yanzu da fitila ake karɓar haihuwa a ƙauyen nan. Makiyaya kuwa suka ce in daji ya tafi, ina shanu za su dosa?

Baba, da bai cika magana a taro ba, ya miƙe ya ce, "A ba injin kara da busasshen icce. Mai rai kuwa, a bari mu yi shawara."

Da la'asar na same shi a gindin ɗorawar bakin gonarmu, inda marigayiya Inna ke tara kalwa. An shafa wa ɗorawar jan fenti, tana cikin waɗanda baƙin ke so a sare. Ya daɗe yana dafe da ita, sannan ya ce, "Sanar da Hadiza. Ita ke riƙe wa uwarku kwando a nan. Ba ni amsa masu sai na ji ta bakinta."

To Yaya, ke muke jira. Ki sa mu a addu'a, Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Ki gaishe da Malam da yara. Baba yana sa maki albarka.

Ƙaninki,
Sabi'u