Na Riƙe Jirgin Feshi a Ƙasa

Daura,
Talata, 9 ga Satumba.

Zuwa ga mahaifina, Malam Sha'aban,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da ƙannena. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, Kawu Sabiru ya iso da saƙonka. Na san tsuntsayen jan-baki sun sauka a Baure, na san geronka ya fara ido, na kuma san ana cewa 'yarka ce ta riƙe jirgin feshi a ƙasa. Ba ƙarya aka yi mini ba, ni ce. Jirgi ba ya tashi sai injiniya ta sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau, ni kuwa ban sa ba.

Ranar Asabar matuƙinmu, Kyaftin Yazid, yana cikin feshi sai inji ya yi tari sau biyu, lambobin allon gabansa suka ɗauke suka dawo. Allah ya sa ya sauka lafiya. Akwai wani ɗan akwati da ke raba wa inji mai da wuta, ƙwaƙwalwa muke ce masa. In wutarsa ta yanke, ko na ƙiftawar ido ne, inji mutuwa yake. Na auna batir, na duba fis, na bi wayoyin da ke kai bayanai zuwa allo ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba. A ƙasa injin sai gurnani yake abinsa, kamar bai taɓa ciwo ba.

Manajanmu, Alhaji Dabo, ya ce tunda ya daina ai shi ke nan, in sa hannu. Da na ƙi, ya ce zai kawo wani daga Kano. To, ya kawo ɗin. Ciwon da ban gano ba, ba zan ce ya warke ba. Kai ka hore ni kada in yi shaidar abin da idona bai gani ba, yau kuma ka aiko Kawu ya lallashe ni in yi. Raina ya sosu ƙwarai. Ka gafarce ni, Baba, wannan karon ba zan bi maganarka ba.

A gaishe mini da Inna.

'Yarka,
Khairunnisa.

Daura,
Juma'a, 12 ga Satumba.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ban samu amsarka ba, ko kiran wayata ba ka ɗauka, na kuma san dalili.

Injiniyan Kano ya zo Laraba. Ya karanta abin da na rubuta, ya mai da biro aljihu ya koma tasha. Alhaji Dabo ya yi ta sababi, na bar shi ya gama.

Ni kuma na zaunar da Kyaftin Yazid na tambaye shi abin da hannunsa yake yi lokacin da inji ya yi tari. Ya ce ya kunna famfon feshi ke nan. Wallahi sai da na ji kunyar kaina. Kwana huɗu ina gwaji, ban taɓa kunna famfo ba, don ba a feshi a ƙasa. Jiya da safe na sa aka cika tanki da ruwa, aka tokare tayoyi, na kira Alhaji ya tsaya kusa da ni. Na ta da inji, na kunna famfo. Mitar wuta ta faɗo daga sha uku zuwa takwas, allo ya yi baƙi, inji ya mutu murus a gaban kowa.

Na kwance bayan allo, sai ga waya a murɗe an naɗe ta da salatif. Ashe lokacin da na je hutun Sallah famfo ya lalace, Alhaji ya ɗauko mai gyaran wutar mota, shi kuma ya jona shi a wayar da ya ga tana da wuta. Wayar ƙwaƙwalwa ce. Girgizar jirgi ta yi ta sassauta murɗin. Na cire, na ja wa famfo wayarsa daban da fis ɗinsa, na gwada sau goma, sannan na sa hannu. Jirgi ya tashi da almuru, ya yi feshinsa ya dawo.

Kawu ya gaya mini mun makara, gonarka kara kawai ya rage. Na shiga ɗaki na yi kuka, don na san yadda ka yi noman nan da ƙafa mai ciwo. Amma ban yi nadama ba, kuma ba zan ce na yi don in faranta maka ba. Ba a kunna famfo sai jirgi ya yi ƙasa sosai, daidai kan itatuwan da tsuntsayen ke kwana, bayan gidanmu. Da na bi maganarka ranar Talata, da gawar Yazid kuka ciro daga cikin geron nan, in ma jirgin ya tsallake rufin ɗakin Inna.

Gobe ina tafe a motar farko. In ba ka amsa gaisuwata ba, zan durƙusa a ƙofar zaure har ka amsa, ko da kuwa zan kai la'asar. Ka san a wurin wa na gaji taurin kai.

Allah ya mayar maka da alheri, ya ƙara maka lafiya.

'Yarka mai ƙaunarka,
Khairunnisa Sha'aban.